Kafin a dangwala hannu

Yau a wani asibiti a Gusau, wakilin mai tirela ya zo wurin ɗan acaɓan da motarsu ta karya wa cinya a hanyar Tsafe, da naira dubu 50 da takardar sulhu. Yayan yaron har ya miƙa babban yatsa, mahaifiyarsu ta riƙe shi: “Dakata Babangida, a karanta mana tukuna.” Ashe takardar cewa take sun yafe duk wata diyya, alhali likita bai gama faɗin kuɗin aikin sa masa ƙarfe a cinyar ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Inshorar dole da ke kan tirela ta ƙunshi raunin wanda aka buge, kuma mai mota na ɗaukar alhakin sakacin direbansa a bakin aiki. Amma sai da hujja: lambar motar, rahoton ’yan sanda, rahoton likita, hoton ƙashi da rasit na kowane magani. A nan ake yawan faɗuwa, a kai majinyaci wurin mai ɗori, babu takarda ko ɗaya. Shigar da ƙara kuma yana da wa’adi, a nemi lauya da wuri. Yaron nan zai yi watanni bai hau babur ba, dubu 50 ba za ta ciyar da gidansa ba.