Daren da "ƙofa" ta dawo mini "aofa"

Bayan isha'i na buɗe kwamfuta na kama wani ɗan aikin ɓoye rubutu da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta: a ɗauki kalma, a tura kowane harafi gaba gwargwadon gurbin da yake zaune. Harafin farko ba ya motsi, na biyu taki ɗaya, na uku taki biyu, haka har ƙarshe. "Gida" sai ta koma "gjfd". Dabarar ba sabuwa ba ce. Yuliyas Kaisar na Rum taki uku yake tura kowane harafi a wasiƙunsa na sirri, amma wannan mai ƙaruwa daga harafi zuwa harafi an fi danganta ta da wani malamin coci Bajamushe, Johannes Trithemius, wanda aka buga littafinsa a 1518.

Layi ɗaya ne ke ɗauke da aikin gaba ɗaya:

chr((ord(h) - 97 + i) % 26 + 97)

A wurin kwamfuta "a" lamba 97 ce, "z" kuma 122. Ka cire 97, ka ƙara gurbin harafin, ka raba da 26 ka riƙe ragowar, don wanda ya wuce "z" ya zagayo farko, sannan ka mayar da 97 ɗin a sake samun harafi. Na gwada "gida", "ruwa", "kasuwa", na ɓoye su na kuma warware, kowace ta dawo daidai.

Sai na saka "ƙofa". Da na warware, abin da ya fito shi ne "aofa". "Ɗaki" da ƙaramin harafi ta dawo "iaki". Kuma babu wani gargaɗi da ya fito, wannan ne ya fi damuna.

Na ɗauki biro na yi lissafin da hannu. Lambar ƙ a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, 409 ce. Cire 97, saura 312, wato 26 sau 12 cif, ragowa sifili. Shi ke nan ƙ ta zama "a", ba kuma hanyar dawo da ita. Ɗ ƙarama 599 ce, ta faɗa kan "i". Lissafin an gina shi ne a kan haruffan Ingilishi 26 da ke jere wuri guda, namu masu lanƙwasa kuwa suna can nesa a warwatse. Abin ya tsaya mini a rai, domin tsakanin "ƙasa" da "kasa" ko yaro ya san akwai bambanci.

Na watsar da 97 ɗin nan. Na rubuta jerin haruffa da kaina, 26 ɗin da aka saba, na saka ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ƴ bayan y, suka cika 30. Yanzu gurbin harafi a jerina nake nema, in raba da 30. Ƴ ɗin don masu rubutu irin na Nijar na saka ta. Mu a nan Najeriya 'y muke rubutawa, sai na ce duk alamar da ba ta cikin jerin a bar ta yadda take.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na sake saka "ƙofa", ta tafi ta dawo da lanƙwasarta.