Ranar da 'yan aji biyar suka auna ni

Takardar tambayoyin da na raba wa 'yan ajina asalinta daga ƙasar Holan take. Theo Wubbels da abokan aikinsa na Jami'ar Utrecht suka tsara ta a shekarun 1980, daga baya aka sauƙaƙa ta don 'yan firamare a Singafo. Abu biyu take aunawa: yadda malami yake riƙe da ragamar aji, da kuma kusancinsa da yara. Kowace tambaya yaro zai zaɓi ɗaya cikin uku: ba safai ba, wani lokaci, ko kusan kullum.

Sai da na cike tawa tukuna. Wajen tsanani na san za su ɗora min, sun kuwa ɗora, ko a jikina. Yara ba su ƙi malami mai tsare doka ba, muddin ba ya duban fuska. Wanda ya soke ni shi ne "malaminmu yana sauraronmu". Na ba kaina kusan kullum. Akasarinsu suka zaɓi ba safai ba. Ni? Ni da nake zama bayan an tashi ina bin littattafansu ɗaya bayan ɗaya?

A ƙasan wata takarda wani ya ƙara da fensir, har da goge-goge: "In na fara amsa sai Malam ya ƙarasa min." Ashe abin da nake ɗauka taimako ne, in ga yaro yana inda-inda in cafe maganar don kada ya ji kunya, su a wurinsu ƙwace ce. Yanzu in na yi tambaya sai in kama bakina in jira, kuma wallahi jiran nan ya fi rubutun allo wuya. Yarinyar da nake wa kallon marar magana, ashe a hankali take haɗa jimla.

Wani abokin aiki ya ce min yara ƙanana me suka sani, wanda ya ba su hutu shi ne nagari. To, me ya sa suka yafe min tsanani suka kama ni a sauraro? Har yau bai ba ni amsa ba.

In za ka gwada, kada a rubuta suna, ka karanta musu tambayoyin da ƙarfi saboda masu jan ƙafa a karatu, sannan ka fita wani malamin ya karɓi takardun. Kana tsaye a kansu kowa "kusan kullum" zai zaɓa maka.