Inda dauriya ba ta yi mini rana ba

Ni ɗan tudu ne. Ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan unguwarmu da damina, shi ma a sace muke zuwa, in an kama mu a sha bulala. Da karatu ya kai ni Girona, a yankin Kataloniya na Sifaniya, na nemi aikin hutu a wani shagon masu nutso a L'Estartit. Kuɗin haya ne ya kai ni, ba son teku ba. Aikina cika tukwanen iska har allura ta kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), wanke rigunan roba, da lodin darmar da masu nutso ke ɗaurawa a kwale-kwale.

Ƙaramin gari ne, amma da lokacin zafinsu ya kama sai ya cika da Faransawa da Jamusawa da mutanen Holan. Abin da ke jawo su shi ne tsibiran Medes, duwatsu bakwai da ke tsaye cikin Bahar Rum, tafiyar 'yan mintoci daga gaɓa. Tun 1983 aka hana kamun kifi a kewayensu, aka ƙarfafa dokar a 1990, shi ya sa kifin wurin ya manta da tsoron mutum. Akwai wani ƙato da suke ce wa mero, ya yi kama da giwan ruwa, sai ya tsaya ƙiƙam yana ƙare maka kallo kamar mai unguwa ya ga baƙo. Macen kifi yake farawa, in ya manyanta ya rikiɗe ya koma namiji. Ikon Allah.

Matar da ke koyarwa a shagon, wadda nake ce wa Malama har ta saba, ta ce ba za ta bar mutum ya cika tukunyar da bai taɓa shaƙa ba. Wata guda na yi ina koyon iyo kafin ta fara da ni. Karatun takarda bai ba ni wuya ba. Kowace mita 10 da ka nutsa, nauyin ruwa na ƙara bar 1 a kanka, don haka a mita 10 iskar da ke cikin kunnenka ta matse ta koma rabi. Maganinsa ka toshe hanci ka hura a hankali tun kafin ka ji zafi. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake gwadawa. In kana mura, kada ma ka shiga. Na haddace duk wannan, na ci jarrabawa.

Ranar fitata ta uku teku na tashi da mura. Na yi gum. Muna bin igiya ƙasa, wajen mita 4, kunnena na dama ya ɗauki zugi kamar ana soka tsinke. Malama ta juyo ta haɗa babban yatsa da manuni, alamar "lafiya?", na mayar mata da ita. A mita 7 ta sake tambaya, na sake mayarwa. Da muka fito, jini ne a cikin tabarauna, kunne kuma dum, kamar an cusa auduga. Likita ya ce dodon kunnen bai fashe ba, saura ƙiris, ya hana ni ruwa mako uku.

Na daɗe ina juya abin da ya sa na yi haka alhali na san karatun. Amsar tana gida. An raine mu a kan namiji ba ya raki. Tun daga wanzami har bulalar makarantar allo, yabon da ake yi wa yaro shi ne ya cije. Ga kuma ni kaɗai ne baƙar fata a kwale-kwalen, na kuma san abin da wasu ke ɗauka game da mu da ruwa, ban so in zama hujjarsu. Sannan akwai gaisuwa. Mu mutanen da ake tambayar marar lafiya "yaya jiki?" ya ce "da sauƙi" ko da yana gargara ne. Ban ga laifin wannan ba, godiya ce ga Allah da sauƙaƙa wa mai dubiya. Kuskurena shi ne na ɗauki yatsun Malama a matsayin gaisuwa.

Ba ta yi faɗa a kan kunnen ba. Cewa ta yi a ƙarƙashin ruwa ba ta da baki ba ta da kunne, 'yan alamun hannu ne kaɗai tsakaninmu, in ɗaya daga ciki ƙarya ce to na mayar da ita makauniya. Ta kuma maimaita mini ƙa'idar da masu nutso ke yawan faɗa, cewa kowa na iya fasa nutso, kowane lokaci, ba sai ya kawo dalili ba.

Da na koma aiki sai na fara ganin kaina a jikin baƙi, galibi maza. Miji ya ga iskar matarsa ta fi tasa yawa, sai ya nuna saura bar 100 alhali allurarsa na dab da 50, inda ya kamata a ce yana kan hanyar fitowa. Wani zai ɓoye cewa jirgin saman da zai hau na gobe da asuba ne, don kada a hana shi nutson ƙarshe da ya biya. Shi wannan ya fi ba ni tsoro. Iskar naitirojin na narkewa cikin jini a zurfi, in nauyi ya ragu da sauri sai ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo. Don haka ake hawowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, a kuma jira aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, inda nauyin ke ƙara raguwa, bayan nutso a jere. Na daina tambayar mutane ko lafiya. Ƙarfe nawa jirginka, nake cewa. Yaushe hancin nan ya toshe? A ruwa kuwa in kamo ma'aunin mutum in duba da idona, ko da zai ji haushi.

A shekarata ta biyu, wata safiya bayan iskar arewa da suke kira tramuntana ta lafa, mun isa bakin kogon Dofí, wurin da na fi so. Na sa riga, na ɗaura darma, na goya tukunya. Sai na ji jikina bai ba ni ba. Ba mura, ba ciwo, ban dai samu barci ba ne daren jiya. Na ce wa Malama yau ba da ni ba. Ta ce to, ta haɗa abokin nutsona da wasu biyu, suka faɗa ruwa. Na zauna ina jiran wani ya tanka. Direban kwale-kwalen ya gutsuro burodin da ya goga wa tumatir da man zaitun ya miƙo mini, ya ci gaba da ƙirga kumfar da ke tasowa.