Uwargidan Wa? Tafiyata Daura Kan Famfo Biyu

Kawu ne ya kira ni ranar Talata da daddare. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, na'urar nan taka ta kama mini ɓarawo." Har da murna a muryarsa.

Rijiyar burtsatse gare shi a wani ƙauye kusa da Daura, mai aiki da hasken rana, 'yan ga-ruwa suna zuwa da kura su cika jarkoki su biya. Bara na haɗa masa 'yar na'ura mai ƙirga litar da ta fita. Da kasuwa ta buɗe sai ya ƙara famfo na biyu, ya ɗauki yaro na biyu, ni kuma na aika masa sabon allo, wato 'yar kwamfutar da ke cikin na'urar, da mita ta biyu a motar haya, ban taka ƙafata can ba. Yanzu wai famfo na biyu yana nuna ruwa mai yawa, kuɗin da yaron yake kawowa kuwa rabin abin da ya kamata ne. Na ce, "Kawu, na farkon fa, nawa yake nunawa?" Ya ce ai wannan sifiri yake nunawa kullum, ƙila ya lalace. Nan gabana ya faɗi. Na roƙe shi kada ya ce wa yaron komai sai na zo.

Da asubar Alhamis ina tasha a Kano, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi. Mutum uku kawai na tarar a motar Daura. Na biya kuɗin kujera, na ba ɗan kamasho lambata na ce idan ta cika ya kira ni, na wuce wurin mai shayi. Wannan shi ne abin da mu masu rubuta manhaja muke ce wa kolbak, ba ƙari ba ragi. Ba ka tsaya kana leƙen mota kowane minti ba. Ka bar adireshinka, idan abin ya faru a neme ka. Mitar ruwan Kawu haka take aiki: akwai 'yar farfela a cikin bututu, ruwa na juya ta, ita kuma tana aika bugun lantarki kusan 450 a kowace lita. Allon ESP32 da na sa ba ya zaman jiran bugun. Na bar masa adireshin wani aiki ne, wato guntun umarni a cikin manhajar, na ce duk bugun da ya shigo ya katse abin da yake yi ya kira wannan aikin.

Muna shirin tashi wata dattijuwa ta miƙo wa direba ƙullin kaya ta taga, ta ce a ba uwargida a Kazaure. Direban ya riƙe ƙullin yana kallonta. "Hajiya, uwargidan wa? Ai kowane gida a Kazaure da uwargidansa." Aka yi dariya, ta faɗi sunan maigidan da unguwar. Ni ban yi dariya ba, don tambayar da na kasa amsawa ke nan watanni biyu da suka wuce.

Mun wuce Dambatta kwamfuta tana kan cinyata, gwiwar maƙwabcina tana dukan allonta duk ramin da muka faɗa. Na buɗe abin da na rubuta. A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1979, na yi aji mai suna Mita, a cikinsa akwai aiki mai suna kirga. Aji kamar zanen gida ne, kowace mita ta gaske kuma gida ce da aka gina da zanen. Idan ka rubuta &Mita::kirga, ka sami manuni, wato adireshi, zuwa aikin, amma "uwargida" kawai ka ce. Kafin a kira shi sai an haɗa shi da gida takamaimai, shi ya sa ake rubuta (famfo1.*manuni)() da waɗannan baka biyu masu ban haushi. Kowane irin wannan aiki yana karɓar wani ɓoyayyen saƙo mai suna this, wato "gidan nan". Ko girman manunan ba ɗaya ba ne: a kan ESP32 manunin aiki na yau da kullum baiti 4 ne, na cikin aji kuwa 8.

Shi kuma attachInterrupt na Arduino, tsarin da nake rubuta wa allon manhaja da shi, inda ake barin adireshin, irin na farkon kaɗai yake karɓa, aikin da ba ya cikin gidan kowa kuma ba ya karɓar komai. Ranar da na miƙa masa &Mita::kirga, kwamfaila, manhajar da ke fassara rubutuna zuwa harshen na'ura, ta ƙi. Gaskiyarta. Maimakon in tsaya in ji abin da take faɗa, sai na zagaye ta. Na yi wani aiki mai alamar static, wanda ba ya buƙatar this, na kuma ajiye manuni guda ɗaya tal a gefe, duk mitar da aka ƙirƙira ta rubuta adireshinta a ciki. A kan teburina a Kano, da mita ɗaya, abin ya yi aiki lafiya lau. Da aka zo mita biyu, ta biyun ta goge adireshin ta farko. Bugun famfo biyu duk ya koma asusun yaro ɗaya.

A Kazaure direba ya tsaya ya sauke ƙullin Hajiya, wani yaro a kan babur ya karɓa. Duwatsun garin sun yi dishi-dishi cikin ƙura. Tun safe mun bar jihar Kano, ga mu a Jigawa, kafin azahar kuma muka shiga ta Katsina.

Daga Daura ɗan acaɓa ne ya ƙarasa da ni. Na tarar da layin kura ya kai bakin hanya, Kawu yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya da littafin lissafinsa. Yaron famfo na biyu, wanda bai fi shekara 17 ba, ya durƙusa ya gaishe ni bai ɗago kai ba. Ashe magana ta riga ta zaga ƙauyen. Bayan an kawo fura na ce, "Kawu, kafin in taɓa komai, a rufe famfo na biyu, a buɗe na farko." Aka yi. Ruwa na zuba a na farko, lamba tana hawa a layin na biyu, wanda ko ɗigo ba ya yi. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya daɗe yana kallo.

"To wa ya ci kuɗin?"

"Ba wanda ya ci, Kawu. Ku haɗa kuɗin yaran biyu ku gwada da lambar nan."

Ya haɗa na kwana uku a bayan littafin. Bambancin bai kai kuɗin jarka biyar ba, wannan kuwa ruwan alwala da na masu roƙon ɗan sha ya isa ya cinye shi.

Gyaran kansa layi uku ne, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. A manhajar Arduino ta ESP32 akwai attachInterruptArg, wanda bayan adireshin aikin yake karɓar ƙarin manuni nau'in void*, wanda zai iya nuna kowane irin abu, ya ajiye, ya dawo maka da shi duk lokacin da ya kira ka. Sai kowace mita ta miƙa this ɗinta a nan. Aikin static ɗin ya zama ɗan aike kawai: ya karɓi manunin, ya mai da shi Mita, ya kira kirga ta wannan gidan. Tsohuwar dabara ce tun daga harshen C, haka ma xTaskCreate na FreeRTOS, manhajar da ke tafiyar da ayyukan allon, yake yi. Da a babbar kwamfuta ne da lambda zan yi amfani, ko std::function, waɗanda suka shigo da C++11, su riƙe aikin da mai aikin a ƙulli ɗaya. A cikin kiran da ke katse allo sau ɗaruruwa a daƙiƙa kuwa, na fi son abin da nake ganin ƙasansa. Na kuma duba cewa mitocin biyu suna raye muddin allon na kunne, ba a cikin setup, aikin da ke gudana sau ɗaya idan an kunna allon, aka haife su su mutu da ƙarewarsa ba. Wanda ya bar lambarsa a tasha sannan ya yar da layin, wani daban za a kira.

Batirin kwamfutata ya kusa mutuwa, muka jona ta a inbatar rijiyar. Na ɗora sabon rubutun, na ce yaron ya kawo jarka mai lita 25. A famfonsa bugu ya tsaya kaɗan sama da 11,000, layin na farko bai motsa ba. Aka juya, haka. Wani ɗan ga-ruwa da ya gaji da jira ya ce idan an gama karatun a ba su ruwa.

Na so in biya rijiyar Kusugu kafin in koma, tunda ruwa ne ya kawo ni garin, amma la'asar ta yi kuma motocin Kano suna ƙaranci da yamma. Kawu ya rako ni bakin hanya. Ya ce shi zai je gidan su yaron da kansa bayan magariba ya ga mahaifinsa. Na ce da ni ya kamata a je, laifina ne. Ya yi shiru, sannan ya ɗaga wa ɗan acaɓan hannu ya ce ya tafi, Injiniya sai gobe.