Godiya ga waɗanda suka koya wa mutanen gidanmu kitson burodi

Assalamu alaikum. Daren Alhamis da ta wuce muka rufe ajin girki a gidan da nake aiki a Brooklyn, kuma zuciyata ba ta bar ni na yi shiru ba.

Ga waɗanda ba su san aikina ba: gida ne na manya shida masu buƙata ta musamman, dukkansu Yahudawa. Mu masu kula da su kuwa, ni 'yar Kumasi ce, akwai ɗan'uwana daga Maraɗi, sai wata 'yar Haiti. Irin waɗannan ƙananan gidaje sun yawaita a New York bayan 'yan jarida sun tona halin da ake ciki a Willowbrook, wata babbar makarantar kwana ta masu buƙata ta musamman, a 1972, aka kuma rufe ta a 1987. Sai dai ko a ƙaramin gida, yawanci mu muke dafawa, su su ci. Sauri ke sa mu haka, ba na ɓoyewa.

Godiyata ta farko ga matar malamin majami'ar Yahudawan unguwarmu, wadda muke kira Anti, ita ce ta koyar da ajin. Tun ranar farko ta ce mana mu naɗe hannu. Wallahi abin ya yi mini nauyi. Kina kallon mutum yana fama da ƙwai ɗaya minti biyar, hannunki yana ƙaiƙayi. Ita kuwa ko a jikinta. A kofin gilashi ake fasa kowane ƙwai a ɗaga a duba, in da ɗigon jini a zubar, don dokar kosha, wato dokar abincin Yahudawa, ta hana cin jini. Wannan aikin ta ba wata baiwar Allah da ba ta cika magana ba, yau ita ce shugabar ƙwai, ba mai fasawa sai da izininta.

Da tuffa da zuma aka fara, abincin sabuwar shekararsu. Amma ranar burodin hala ce ba zan manta ba. Burodi ne da ake kitsa kullunsa, ana ajiye guda biyu a teburin Asabar. Akwai dattijon da muke kira Baba, ya haura saba'in, hannunsa na rawa, shekarata huɗu ina ba shi abinci ban taɓa jin ya ambaci mahaifiyarsa ba. Da aka ajiye masa igiyoyin kullu uku, bai jira a nuna masa ba. Ya ɗora ta dama a tsakiya, ya ɗora ta hagu, yana wani ɗan waƙe da harshen Yidish. Ya ce haka uwarsa take yi duk Juma'a. Kitson ya karkace, gefe ɗaya ya ƙone, ya hana kowa gyarawa. Na fita baranda na share hawaye.

Na gode wa 'yan matan sa-kai da suka zo da allon yanka mai riƙe albasa da kwanuka masu manne wa tebur, da kafintan da ya rage tsayin teburin don keken guragu ya shiga. Na gode wa shugabar gidanmu da ta sauya mana jadawali ba gunaguni.

Mu ma an yi haƙuri da mu. Sau biyu na kusa sa cokalin madara a tukunyar nama, alhali ba a haɗa su ko a wurin wanki: ja na nama, shuɗi na madara. Anti ta yi dariya kawai ta karɓe. Masu tambayata ko na ci, na ci mana, ku duba aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Anti ma da kanta take tuna mini lokacin magariba, ta karɓi ludayin.

An rufe da latke na bikin Hanuka mai dare takwas. Ni dai ƙosan dankalin turawa na gani, gogagge da albasa, a soya a mai. Ɗan'uwana na Maraɗi ya zaro yajin ƙuli daga jakarsa, Baba ya ɗanɗana, ya yi tari, ya miƙo faranti a ƙara.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Anti ta ce za ta dawo lokacin bikin Furim a yi biskit mai kusurwa uku, kuma tun safiyar Juma'a shugabar ƙwai take tambayata saura kwana nawa.