Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ramin da ke Bayan Gonar Ayaba

A makon jiya na tsaya a inda na baro Bauchi na sauka Kigali, babban birnin ƙasar Ruwanda, a 2013, domin kwas ɗin ungozoma na wata shida. Masaukina a Nyamirambo yake, unguwar da Musulmi suke da yawa, gidan wata dattijuwa da nake kira Mama.

Ranar 7 ga Afrilu na wayi gari na ji unguwar tsit, kantuna a rufe. Mama tana zaune a bakin gado, numfashinta na sama-sama kamar mai ciwon asma. Na zabura zan ɗauko akwatin aikina, 'yarta ta riƙe min hannu. Ta ce wannan ciwon ba na allura ba ne, sunansa ihahamuka, firgicin da ke dawowa duk lokacin makokin Kwibuka, wato tunawa da kisan kiyashin 1994 da ake yi duk shekara.

A 1994, kwana ɗaya bayan an harbo jirgin Shugaba Habyarimana, aka fara kisan 'yan Tutsi. Cikin kwana kusan 100 an hallaka mutum wajen 800,000, da yawa da adda, kuma a hannun maƙwabta. Gidan rediyon RTLM na kiran su kyankyasai. Mijin Mama da 'ya'yanta maza biyu an tare su a shinge, aka duba katin shaidarsu, aka ga kabilar da ke rubuce.

Abin da ya hana ni barci shi ne mai kawo mana gawayi. Yana cikin masu tsaron shingen nan. Kullum sai ya durƙusa ya gaida Mama, ita kuma ta amsa.

Da na tambaye ta, sai ta ba ni labarin gacaca, kotunan gargajiya da aka yi ta zama a fili kan ciyawa daga 2002 zuwa 2012, aka saurari shari'u kusan miliyan biyu. Ba su rasa aibu ba: babu lauyoyi, kuma an tsoratar da wasu shaidu. Amma a nan ne mutumin ya miƙe gaban jama'a ya amsa laifinsa, ya nuna ramin da ke bayan wata gonar ayaba. Mama ta gane mijinta da bel ɗin wandonsa. Ta wanke ƙasusuwan da hannunta, aka binne su a Gisozi, maƙabartar tunawa da kisan a Kigali, inda mutum sama da 250,000 ke kwance.

"Ɗiyata," in ji ta, "zuciyar ba ta gama hucewa ba. Amma na san inda suke."

Nan na fashe da kuka, don ni ban san inda nawa yake ba. A Afrilun 1991, da rikicin Tafawa Balewa ya fantsamo cikin garin Bauchi, Yaya ya fita kasuwar Wunti bai dawo ba. Ina da shekara tara. Babu gawa, babu kabari. Aka ce mu yi haƙuri, aka rufe zancen, kuma wallahi rufewar nan ta fi cin Inna. Hular sallarsa na nan a ƙasan adakarta, ba wanda ke ambaton sunansa a gidanmu.

Da daddare na kira ta. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, wace riga Yaya ya sa ranar?"

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Shuɗiyar shadda. Ni na goge masa ita."

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.