Teburin da ke bakin taga

A ɗakin karatun unguwarmu na yi shirin jarabawar WAEC. Gidanmu ɗaki uku ne, mu goma sha ɗaya. In ka buɗe littafi a tsakar gida, kafin ka kai ƙarshen shafi an aike ka niƙa ko ɗibar ruwa. Can kuwa akwai wani tebur a bakin taga, an tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. A kansa na yi karatun da ya kai ni Jami'ar Bayero.

Shi ya sa hankalina ya tashi da na leƙa wurin bayan sallar La'asar na tarar Baba, wanda ke kula da ɗakin tun ina firamare, yana kwashe littattafai daga kantar da ruwan sama ya jiƙa. "'Yata," ya ce, "wata biyar ke nan ban ga albashi ba. Sun ce babu kuɗin rufi, babu na wuta. In damina ta sake zagayowa a haka, sai dai a sa kwaɗo."

Na san ƙaramar hukuma na da nauyi a kanta: asibitin sha-ka-tafi, malaman firamare, magudanan ruwa da ke cikewa duk watan Agusta. Amma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. To, albashin mutum ɗaya da bandir biyu na kwano nawa ne a cikin wannan kaso?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa ai yanzu komai yana cikin waya. Data kyauta ce? Kuma ko an ba yarinya waya, wayar ba za ta ba ta kujera da shiru na awa uku ba, ba za ta hana a kira ta wanke-wanke ba. Wasu sun ce a tafi Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello. Wuri ne mai kyau, ni ma ina zuwa. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa kullum ya fi ƙarfin ɗan mai gyaran takalmi, kuma iyaye da yawa ba za su bar budurwa ta yi nisa haka ita kaɗai ba.

Mu dai ba mu naɗe hannu ba. Mun je wurin mai unguwa, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda shi ma a nan ya koyi karanta jarida, ya sayi kwanon rufi. Mu tsofaffin masu zuwa muka haɗa karo-karo a WhatsApp, muka sa sola da fanka biyu.

Albashin Baba kuwa haƙƙinsa ne, bai kamata ya koma jiran sadakarmu ba. Mun rubuta wa kansilanmu takarda, mutum fiye da ɗari sun sa hannu, ranar Litinin za mu kai sakatariya da kanmu. Jiya na tarar da wata yarinya mai farin hijabi a teburin nan na bakin taga tana bitar tambayoyin JAMB. Na tambaye ta ko za ta raka mu, ta ce sai ta nemi izinin babanta.